Ranar da Muka Wanke Dakalin Lodi

Samarin da ke zuwa kara, kasuwar shanu, yanzu neman aikin lodi, magana ɗaya ce a bakinsu: wai ina wahalar take? Ka kama igiya ka ja, wani ya ɗana wa sa sanda ta baya, ya hau mota, shi ke nan. Ni ba na musu da su. Sai in zaɓo wani sa bokoloji da ya ci ya ƙoshi, in miƙa musu igiyar, in koma inuwa in zauna. Kafin in gama ɓare goro, ko dai igiyar ta saɓule wa mutum fatar hannu, ko in hango shi ya zubar da takalmi sa na biye da shi. Sai sun dawo suna haki sannan muke fara magana. Sunana Chika, a unguwar Runjin Sambo nan Sakkwato nake zaune, kuma tun gemuna bai fito ba nake loda shanu a tirelolin da ke kai su kudu.

A hannun Baba Dikko na koyi aikin, Allah ya ji ƙansa. Dogo ne siriri, in ka gan shi sai ka rantse ɗan maraƙi ma zai kayar da shi. Ranar da na fara bai ba ni igiya ba, shebur ya ba ni da kwando, ya ce in shimfiɗa yashi da buntun shinkafa a cikin tirela. Na zuba na fito ina jin na burge. Ya shiga ya ja ƙafarsa a kai sau ɗaya, ƙarfen ƙasa ya bayyana, ya fito. Na sake. Wannan karon na cika da yawa, direba ya taso da faɗa wai yashi zai kai Ikko ko shanu. Na daɗe a kan wannan shimfiɗar kafin in gane kaurin da ake so, wanda zai shanye fitsari ya riƙe kofato har ƙarshen tafiya.

Da na iya shimfiɗa sai ya zaunar da ni a kan katanga, ya ce in yi ta kallon garke. Na ɗauka wulaƙanci ne. Ashe so yake in gano wadda sauran ke bi. Kowane garke yana da ita, kuma sau da yawa ba ƙaton bijimin da ke cika ido ba ne, wata tsohuwar saniya ce da ba wanda zai kalla sau biyu. In ta ɗaga kai su ɗaga, in ta nufi ruwa su nufa. Ita ake fara hawarwa.

Ya ce mini, "Sa ba shi hawan mota don ka hi shi ƙarhi. Shina hawa na don ya ga ɗan'uwanai ya hau, ba abin da yas same shi."

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Igiyar rama ta fi taushi a hannu, sai dai ba ta jure ruwa. Ta roba tana daɗewa, amma in sa ya fizga tana ƙuna kamar wuta. Sanda kuwa ba ta duka ba ce, ta nuni ce, ka taɓa kafaɗa ya juya, ka taɓa cinya ya matsa. Wanda ya doki sa da ƙarfi, mahauci a kudu zai ga tabon a jikin nama, ya gaya wa falke, falke ya dawo ya tambayi wa ya yi masa lodi. Sai ɗauri. Ɗaurinmu dole ya riƙe ƙaho tun daga nan har bakin teku, amma kuma ya kwance da ja ɗaya, don in saniya ta faɗi a hanya, masu rakiya da ke zaune a kan katako a sama ba su da lokacin neman wuƙa. Sauran za su tattake ta kafin direba ya samu wurin tsayawa.

Na tuna wani lodin rahaji da muka yi wa wani falke daga wajen Illela. Rahaji su ne jajayen nan masu dogon ƙaho, ga tsawo ga faɗan tsiya. Falken ya nace sai an fara da manyan, wai su shige ciki a huta da su. Baba Dikko ya bar shi ya yi ta magana, shi kuwa ya jera su yadda ya saba, kan wannan a wajen wutsiyar wancan, masu ƙaho a gefe an ɗaure su sama da ƙarfe, bokoloji marasa ƙaho a tsakiya, masu rauni a bakin ƙofa inda hannu zai kai gare su. Falken ya tafi yana ƙunƙuni. Da ya dawo daga kudu sai ga shi da ƙullin goro, ya ajiye gaban Baba ya wuce, ko zancen bai tayar ba.

Fatake iri-iri ne. Akwai mai tsaya maka a ka yana koya maka aikinka, akwai mai barci a ƙarƙashin mota sai an gama a tashe shi. Amma a kararmu babu kamar Alhaji Arzika. Ba ya yabo, ba ya zagi, gaisuwa ma sau ɗaya yake amsawa. In an gama lodi sai ya zagaya motar yana leƙa ƙafafun shanun ta tsakanin ƙarafa, ya ja ɗauri ɗaya ya gani, ya tafi. Inda yake lodi nan direbobi ke taruwa, inda direbobi suka taru kuwa nan ƙananan fatake ke zuwa, don ba mai son ya kwana da shanu yana jiran mota.

A da wurin lodinmu tudu ne na jar ƙasa, mu muka tara shi da hannu, muka tokare da kututture da tsofaffin tayoyi. Tirela ta yi baya-baya ta jingina da shi, shanu su hau. Haka muka gada, haka muka yi ta yi har shekarar da damina ta yi mana yawa. Ruwa ya cinye gindin tudun, hanyar shigowa kara ta zama kunu. Tirela ta shigo ta nutse, sai an nemo wata ta ja ta, ita ma ta nutse. Muna gyara tudun da safe, da la'asar ya zube. Ana cikin haka wata rana muna yi wa Alhaji Arzika lodi, bakin tudun ya rufta, ƙafar wani bijiminsa ta faɗa tsakanin ƙasa da mota ta karye. A nan aka yanka shi. Alhaji ya tsaya har aka gama fiɗa, ya tafi. Kasuwa ta gaba sai muka ji ya koma lodi a wata kara can nesa da gari inda ƙasa ke da tauri.

Kafin kaka ta yi sauran sun bi shi. Kara ta zama fili, sai 'yan tumaki da masu saye ɗaya-ɗaya na suna da biki. Mai tuwo ta kwashe tukwanenta, mai igiya ya koma sayar da tabarmi. Abokan aikina wasu suka kama kabu-kabu, wasu keke. Ni dakon albasa na koma, ina da shekaruna ina ɗaukar buhu, in dawo gida idona na ruwa, yara su ɗauka kuka na yi. Damina ta wuce, ƙasa ta bushe, muka sake gina tudun, amma ba wanda ya dawo. Falke in ya saba da wuri ya saba.

Shugaban ƙungiyarmu, Malam Altine, shi ya jiyo cewa gwamnati na ba da tallafi don ayyukan da za su ɗaga kasuwancin yanki. Ya tara mu ya faɗa. Da farko an yi murna ƙwarai, don wasu sun ɗauka rabawa za a yi, har akwai wanda ya fara taya babur. Da ya bayyana cewa ba a ba kowa a hannu, aiki za a yi a ƙasa, sai rabin taron ya tuna yana da uzuri. Shi dai bai fasa ba. Mutum ne mai son tsari da tsafta, kullum cikin farar riga, har muna tsokanarsa cewa shi kaɗai ne mutumin kara da ƙuda bai sani ba. Ya yi ta hawa da sauka a ofisoshi har takalminsa ya cinye. A ƙarshe aka amince da abu uku: hanya daga bakin titi zuwa cikin kara, rijiyar burtsatse da kwamin shayarwa, da dakalin lodi na siminti.

Injiniyan da aka turo, Nasiru, matashi ne mai yawan tambaya. Ya auna tsawon tireloli, ya sa muka kora masa shanu ya ga yadda suke tafiya, ya tambaye ni wane gangare ne saniya mai ciki za ta iya hawa ba ta durƙusa ba. Ya yi dakalin da sauƙin hawa, ya tsattsaga bisansa don kofato ya samu abin kamawa, ya ja katanga hagu da dama don kada dabba ta ga gefe ta yi sha'awar tsalle. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Da siminti ya bushe ya ce mu fara amfani da shi. Muka ce a'a. Yaya za a ɓata sabon abu da kashin shanu tun waɗanda suka ba da shi ba su gani ba? Muka kewaye shi da ƙaya muka jira ranar buɗewa.

Malam Altine ya je har gida ya roƙi Alhaji Arzika ya kawo shanu ranar, a yi lodin farko da nasa. Ya dawo ya maimaita mana amsar kamar yadda ya ji ta.

"Mota guda. In tac cika lahiya, mu gani. In ko anka ɓata min lokaci, kak ka sake zo min da zancen ga."

Kowa ya san ma'anar wannan. In Alhaji ya dawo, kara ta dawo. In ya juya, to mun samu wurin shanya barkono mafi tsada a Sakkwato.

To, ku kun san mu da baƙo. In baƙo zai zo, a share ƙofar gida, a yayyafa ruwa, a fito da tabarmar da ba a taɓa zama a kai ba. Balle baƙin da suka gina maka wurin cin abinci. Muka share kara kaf. Kashin shanun da ya shekara yana taruwa muka kira masu lambu na bakin gulbi suka kwashe a kyauta, suna ta sa mana albarka. Muka wanke dakalin da sabulu da tsintsiya. Wani ya ce ai a gari in manya za su wuce, gefen titi fenti ake yi masa baƙi da fari. Muka sayo fenti mai ƙyalli muka zane dakalin layi-layi tun daga ƙasa har sama. Aka rataya ƙananan tutoci a kan katangar. Aka ɗauko lasifika. Mu masu lodi muka ɗinka shadda iri ɗaya, aka sa mata sitaci har tana ƙara in ka motsa. Malam Altine ya yi gargaɗi cewa kada wanda ya zo yana warin shanu, don haka kowa ya yi wanka ya zuba turare. Mu da muka ƙare rayuwarmu a gindin shanu, ko mutum ɗaya bai tsaya ya tambayi yadda su za su ga abin ba. Hankalinmu duk yana kan baƙi.

Ranar da hantsi aka kafa rumfa dab da dakalin, baƙi suka zauna a kujeru, aka yi ta jawabi. Injiniya Nasiru ya iso a makare. Na ga lokacin da idonsa ya faɗa kan fentin, ya ɗora hannu a ka, amma an riga an kira masu lodi su fito. Tun ana gobe buɗewa na gano shugabar garken Alhaji, wata tsohuwar farar saniya mai karyayyen ƙaho. Na sa mata igiya, na taho da ita ina taku cikin shadda, ana tafi.

Tana isa gindin dakalin ta tsaya cak. Ta sunkuyar da kai ta shinshina, ba ta ji warin kowa nata ba, sai sabulu. Ta dubi baƙaƙen layukan nan, a idonta ramuka ne aka jera mata. Ta juyo ta shinshina ni, ta yi atishawa, ta ja baya. Na yi mata 'yar muryar da nake yi musu, amma ina, lasifika ta danne. Abokan aikina suka turo ta ta baya, ta ɗora ƙafa ɗaya, kofato ya zame a kan fenti, ta durƙusa ta miƙe ta juya da ƙarfi. Sauran garken da suka ga haka suka watse. Wani bijimi ya nufi rumfa, manyan mutane suka ɗage riguna. Mai sanarwa ya ƙwala ihu a lasifika wai jama'a su kwantar da hankali, shanu suka ƙara haukacewa.

Da ƙyar muka tattaro su gefe guda. Ana ta dariya, har da wasu daga cikin baƙin. Ni ban yi ba, don na hango Alhaji Arzika ya miƙe ya yi wa direbansa alama. Sai na ji tirelar ta tashi. Tsoro na ji sosai, na ga kaina na koma ƙarƙashin buhun albasa har ƙarshen ƙarfina.

Na ruga wurin Malam Altine, Injiniya ma ya iso. Muka gaya masa abin da ya rage: a rufe fentin da yashi da kashi, a sauke tutoci, a kashe lasifika, kuma baƙi su tashi daga kusa da dakalin. Na farkon duk ya gyaɗa kai. Na ƙarshen ne ya tsaya masa a wuya.

"Chika, kana da hankali kuwa? Mutanen da sunka gina muna wurin ga, ni in ce su tashi?"

Injiniya ya ce, "Malam, don mota ta yi lodi suka gina shi."

Malam Altine ya dubi rumfa, ya dubi tirelar da ta fara juya kai wajen sabuwar hanya. Zufa ta jiƙa masa hula. Ya taka a hankali ya karɓi abin magana daga hannun mai sanarwa.

"Ranku shi daɗe, ku gahurce ni. Tun da nike ban taɓa tada baƙo daga mazauninai ba. Amma shanun ga ba su hawa kuna nan. Ku taimake mu ku koma gindin dogon yaro can, ku yi muna shiru."

Baƙi suka dubi juna. Na ce shi ke nan, mun kori falke mun haɗa da gwamnati. Sai babban baƙon ya fashe da dariya, ya miƙe ya ɗauki kujerarsa da kansa ya nufi bishiyar. Da na ƙasa da shi suka ga haka, kowa ya rungumi tasa.

Ni kuwa na sha gaban tirela na ɗaga hannu. Alhaji yana gaba kusa da direba. Na roƙe shi ya ba mu zuwa azahar. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ina jin shaddar ce ta fi ba shi haushi. Ya ce in aka kira salla ƙofar motarsa ba ta rufu ba, tafiya zai yi. Direba ya yi baya-baya ya sake jingina tirelar da dakalin.

Sai wata matsalar ta taso: babu kashin shanu a kara. Kara guda, a nemi kashi a rasa! Mun bayar duka. Allah ya taimake mu tsoron da shanun suka ji ya sa sun saki ciki a inda muka tara su. Muka tuɓe riguna muka jibge a kan katanga, daga mu sai singileti. Wasu da kwando, wasu da hannu, muka kwaso shi da ɗuminsa, muka cakuɗa da yashi da buntu muka shafe dakalin, muka cusa a cikin tsagar da Injiniya ya yi, muka goga a katanga. Shi ma ya karɓi shebur da takalminsa mai tsada. Na shafa ragowar a hannuwana da ƙirjina don in kashe turaren. Malam Altine da farar rigarsa ya tsaya yana kallo kamar zai yi kuka, can sai ya naɗe hannun riga ya ɗauki kwando.

Da muka gama na ce kowa ya ja baya. Na koma wurin tsohuwar, ban ja ta ba, na tsaya kusa da ita har ta shinshina ni ta yarda. Muka taho tare igiya a sake. A gindin dakalin ta sake tsayawa, ta sa hanci ƙasa, ta daɗe. Ba ka jin komai a kara sai kukan kurciya. Ta ɗora ƙafa, ta ji ya riƙe, ta ɗora ta biyu. Ta haye kamar a nan aka haife ta, sauran suka biyo ta a jere har muna hana su turereniya. Muka shiga ɗauri, masu ƙaho gefe, marasa ƙaho tsakiya, hannu na yi baki na shiru. Muna zura sakatar ƙofa ladan na gyaran murya.

Daga gindin dogon yaro aka fara tafi, Malam Altine ya yi musu alama da hannu mai kashi su dakata tukuna. Alhaji Arzika ya sauko. Ya zagaya motar yana leƙa ƙafafu, ya ja ɗauri ɗaya, ya sake shi. Ya tsaya ya dubi dakalin da ya koma kamar an shekara ana aiki a kansa. Bai dube mu ba. Ya zaro waya daga aljihu, ya kira dillalinsa na can ɗaya karar, muna tsaye muna ji.

"Kak ku jira ni ran kasuwa," in ji shi. "Ka hwaɗa ma direbobi su taho gida."